Gilashin da Ke Bakin Tsaga

Zuwa ga ɗan ƙanena, Tsakuwa,

Mai ɗinki ce ke rubuta min wannan, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda ka taɓa cewa rubutunta kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti. Ta ce in gaya maka ba ta manta ba. Ta ajiye wuyan rigar mutane ta zauna, ina faɗa tana sawa. In ka ga magana ta karkace, bakina ne, ba alƙalaminta ba.

Ina gaishe ka, ina gaida matarka da ban taɓa gani ba sai a hoto. Ya aiki, ya zafin garin naku? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. Idon hagu ya ƙara hazo. 'Yarka, takwarata, ƙalau take. Haƙoranta na gaba sun fita, tana magana iska na bin ta. Ta ce a gaya wa babanta takalmi ya matse.

To, ga abin da ya sa na tayar da baiwar Allah daga kan keken ɗinki. Gilashinka ya fashe.

Ai ka tuna. Shekarar da kamfaninku na fasa dutse ya turo ka ka duba dutsen nan kafin su fara sa nakiya a bayansa, ka zo da hular kwano da 'yar guduma, ka yi ta ƙwanƙwasa shi kamar mai sallama a gidan kurame. Ranar da za ka koma ka ja ni bayan ɗaki, gindin falalen nan da muke kira Marfi, wanda ya jingina da uwar dutsen yana leƙen rufinmu. Ka kwaɓa siminti, ka ɗauko wani siririn gilashi kamar yatsa, ka manna kai ɗaya a jikin Marfi, kai ɗaya a jikin uwar dutsen, ya haye tsagar da ke tsakaninsu kamar gada. Ka ce, Gwaggo, dutse ba ya gudu sai ya yi rarrafe. Ido ba ya ganin rarrafen, amma gilashi yana ji. Ranar da kika ga ya fashe, kar ki tsaya naɗe tabarma, ki aiko min in zo in kwashe ku. Haka ka ce. Takwara tana goye a bayana, lokacin ko arba'in ɗin rasuwar uwarta ba a daɗe da yi ba.

Tun daga ranar, kullum da safe shi nake fara gaisarwa kafin mutane. Har takwara ta koya, tana ce masa ina kwana.

Washegarin ruwan farko na je na tarar ya rabu biyu. Ba tarwatsewa ya yi ba. Kowane rabi yana nan maƙale da simintinsa, sai dai na jikin Marfi ya ɗan sauka ƙasa da ɗan'uwansa, kamar haƙorin da ya goce. Tsinken tsintsiya yana shiga tsakaninsu.

Ni dutsen nan ba baƙona ba ne. An kawo ni gindinsa nonona bai faɗi ba. Na san kansa sanƙo ne, ko ciyawa babu, sai farin kashin tsuntsaye, kuma duk hadarin da ya taso a nan yake fara maƙalewa. Gefen da ruwa ke bugowa kore ne shar, da itatuwa da birai. Namu gefen ƙeƙasasshe, sai santsi kamar goshin mai kuɗi. La'asar ba ta yi ba inuwarsa ta rufe mu, shi ya sa duk unguwar nan babu mai wanki bayan hantsi. Na sha ganin ya zubar da ɓawo, wani kamar faifai, wani kamar ƙyauren ɗaki, ya gangaro yana ƙara ya tsaya a cikin ƙaya. Amma Marfi, ɗan nan, ya fi gidanmu da na mai ɗinki da na mai faci in an haɗa su.

Ka zo ka kwashe mu kafin damina ta zauna. Ba ni da kaya. Akwati ɗaya ne, sai buta, sai dutsen niƙan da marigayi mai gidana ya sassaƙa min, shi ma in zai yi wa motar nauyi a bar shi. Ba na ci da yawa. Ko a baranda aka shimfiɗa min ina iya barci.

Direban tifa zai kawo maka wannan. Ka ba shi amsa kar ya dawo hannu rabbana.

Gwaggonka.

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duka lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, an tura ni daji aiki, sai da na dawo na tarar da takardarki a ƙarƙashin wasu.

Gwaggo, bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Dutsen nan a can farko narkakke ne a cikin ƙasa, ya huce a hankali, shi ya sa kike ganin ƙwayoyinsa manya masu ƙyalli. Ƙasar da ke danne shi, ruwa da iska suka kwashe ta cikin shekarun da ba sa ƙirguwa. Da nauyi ya sauka daga kansa sai ya riƙa sakin jiki ɓawo-ɓawo kamar albasa. Marfi ɗaya ne daga cikin ɓawon. A haka yake jingine tun kafin a haifi kakan kakanki. Na auna shi, na rubuta rahoto, na sa hannu cewa zai zauna. A kan wannan rahoton aka ba kamfani izinin aiki.

Shi kuwa gilashi abu ne mai rauni. Zafin rana da sanyin ruwan farko suna fasa shi. Akuya tana fasa shi. Yaro mai jifa yana fasa shi. Sanda ma tana fasa shi, Gwaggo, musamman sandar wanda ya ƙosa ya ga birni. Ban ce ke ce ba. Sai dai ban manta shekarar da kika aiko cewa kina gargara ba, na bar jarrabawa na kwana a hanya, na zo na tarar da ke a kan turmi kina leƙen katanga kina zagin akuyar mai faci.

Maganar zuwa nan kuma, gidan da kamfani ya ba ni ɗaki biyu ne a hawa na uku. Gwiwarki ba za ta iya matakalar ba. Barandar da kike faɗa, nan muke ajiye injin wuta.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki nuna wa kowa, kuma ki ja wa mai ɗinki kunne kada ta kai maganar bakin famfo. Mutane ba su san aikin ba, za su firgita a banza, kuma idan ta je kunnen manyana, ni za a fara tambaya. Da wannan aikin nake aiko miki da abin da nake aikowa.

Na haɗo da sabon gilashi naɗe a cikin auduga. A nemi magini ya manna shi kusa da na farko. Ga kuma takalmin yarinya, na ƙara lamba ɗaya.

Ki gaida takwararki.

Ɗanki.

Kai Tsakuwa,

Mai ɗinki ce dai. Ta ce a fara da gaisuwa, to ga ta nan, ina gaishe ka. Lafiyarmu ƙalau tunda ka sa hannu.

Ta karanta min takardarka, na ce ta koma wurin sanda ta sake. Ta sake. Na ce ta ƙara. Da ta zo na uku sai ta riƙa haɗiye kalmomin, na ce 'yar nan karanta da ƙarfi, ba ke kika raine shi ba.

Ni ce mai son ganin birni? Ni da ko kasuwar bakin titi sai a yi wata ban je ba? Kai da uwarka ta bari a zaure da kwarkwata har cikin gira, ƙanena yana kwance ƙasa ba ta bushe a kansa ba, ta ɗauki ƙullin kayanta ta bi mai mota? Ni na aske ka. Ni na riƙa zazzage tsakuwa daga aljihunka kafin in wanke wando, har sunan ya bi ka. Shekarar gargara kuwa, da ka zo ai na warke. Laifi ne in mutum bai mutu ba? Ka yi haƙuri, wannan karon ba zan ba ka kunya ba.

Rubuta haka, kar ki gyara.

Na yi abin da ka ce. Na kira magini ya manna sabon. Ya ce Gwaggo wannan na mene ne, na ce maganin kunama ne ɗana ya aiko daga birni. Ya ce a samo masa shi ma. Na kifa kwando a kai, na danne da dutse saboda akuya. Na ce wa takwara in ta je wurin sai na yanke mata ƙafa. Sandata kuma na miƙa wa mai ɗinki ta kulle a ɗakinta da kwaɗo, na koma bin bango kamar ƙadangare, har ban ɗaki da rarrafe nake zuwa, don kar gobe ka ce. Ga ta nan, tambaye ta. Ta ce ta shaida.

Bai yi sati ba. Aka yi ruwa mai ƙarfi, da rana kuma mutanenku suka tayar da nakiya a baya har kwanuka suka yi magana a kan kanta. Mai ɗinki da hannunta ta ɗaga kwandon. Ya rabu. Na farkon kuma, da tsinke ne ke shiga, yanzu ɗan yatsan takwara yana shiga.

Ga wani kuma. Ɗan idon ruwan nan da ke tsattsafowa daga gindin tsagar, wanda ka sha tun kana yaro, garau kamar hawaye, yanzu ja yake fitowa, da kauri, kamar an wanke tukunyar ƙasa. Ni ban san ma'anarsa ba, ba ni na je makaranta ba. Kai ka sani. Akuya ce ta jiƙa shi?

Albasa ka ce. To ni abin da na sani na dutse a wurin marigayi na gani. In zai cire dutsen niƙa, itace yake tarawa a kan falale ya kunna wuta tun safe. In dutsen ya yi zafi har yana ƙamshi, sai ya share tokar ya sheƙa masa ruwan randa. Sai ka ji ɗas, ɓawo ya tashi. Ya ce dutse ba ya jin lallashi, wuta da ruwa yake ji. In ya gama sassaƙa kuma, ba ya sayarwa sai an gwada. Tsohuwar tsaba ake nemowa, wadda ƙwari suka gama da ita, a niƙa a kan sabon dutsen don ta kwashe masa yashi, sannan a zubar da garin ga kaji. Daga nan ya zama na masu gida. To yanzu dutsen namu da rana wuta, da yamma ruwa, ga ku kuna dukan ƙeyarsa. Ni dai na ga yadda ake yi.

Ban gaya wa kowa ba. Na sa mai ɗinki ta rantse. Yaranta uku suna kwana a inuwar abin nan, ta rame, ɗinkin mutane duk ya karkace, jiya ta sa hannun riga a wuya. Amma ta yi shiru saboda aikinka.

Ɗakin gaba yana yoyo, kwanon ya ruɓe, ka sani tun bara. Na mayar da mu ɗakin baya. Tabarmar takwara tana jikin bango, kanta saitin Marfi, nan ne kaɗai ba ya ɗiga. Ni ina bakin ƙofa. In ya tashi zuwa, ita zai fara gaisarwa, tunda ita ma kullum tana gaishe shi. Amma ai ka ce zai zauna, ka sa hannu. To ka kwanta ka yi barcinka a hawa na uku.

Takalmin ya yi mata yawa. Na cusa tsumma.

Ka zo ka kwashe mu.

Gwaggonka, mai sanda.

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Na ga saƙonki, na karanta wurin tabarma har na haddace.

Ashe abin ya kai ki sa 'yata a bakin bango ki aiko min da labari, don in taso a guje. Yarinyar da ba ta da uwa. Na ba ki ita ne don na ɗauka tsufa ya sanyaya ki.

Kin tuna min da kwarkwata. Na gode. Ni ma bari in tuna miki. Ranar da na fasa tulu, kika kai ni kan falalen bayan gida da rana tsaka, kika cire min takalmi, kika ce in tsaya har inuwa ta zo. Kina zaune a gindin bango kina tsince wake. Da na fara rawa ina kuka, kika ɗebo ruwan randa kika sheƙa min a ƙafa, kika ce haka ake gyara dutse. Fatar ta tashi kamar yadda kika ce ɓawo yana tashi. Har yau matata tana tambayata me ya sami tafin ƙafata, ina ce mata gobara ce. Mutane suna cewa na karanci duwatsu saboda Baba marigayi, mijinki. Ba haka ba ne. So nake in san da me aka yi ki.

Gilashi na biyu, simintin magininku ne bai kama ba. Jan ruwa kuwa kowace damina ana ganinsa a wurare da yawa. Dutse lafiyarsa ƙalau.

Zan aiko da mota a ɗauko yarinyar. Ba don dutse ba, don ke. Ki haɗa mata kayanta, kada ki tsayar da direba da surutu. Ke kuma ki zauna a gidan mijinki, nan kika saba. Idan rani ya yi zan zo in duba da kaina, in kuma sa a canza kwanon.

Maganar shiru tana nan yadda take.

Tsakuwa, kamar yadda kike kira na.

Zuwa ga Tsakuwa,

Mai ɗinki ce, amma yau a tsaye take rubutawa, ta ɗora takardar a kan murfin akwatina. An riga an ɗaure kekenta a kan mota. Wannan ce ta ƙarshe da za ta yi min, don haka ka karanta a hankali.

Ina gaishe ka. Ina fatan takwara ta iso lafiya. Gwiwa tana nan. Ido yana nan.

Motarka ta zo. Duk da abin da ka rubuta, na ce ɗan nan fushi ne, ai bakinsa irin nawa ne, in mota ta zo ba za a rasa wurin tsohuwa ɗaya ba. Na yi wanka, na ɗaura zanen da ka aiko min shekarar aurenka, na ɗaure akwati da igiya. Takwara ta riƙe min buta. Muka zauna a zaure kamar masu jiran hoto.

Sai ga direbanka a ƙasa. Na ce ɗan samari ina motar? Ya ce tana can bayan kwalbati. Na ce kwalbati? Ai hanya tana zuwa har ƙofar gida, tifa ma tana juyawa a nan. Ya ce haka aka ce masa. Na ce shigo ka zauna. Ya ce a'a. Na ce a kawo masa ruwa. Ya ce ya ƙoshi. Yana magana da ni, idonsa yana sama, kamar kaza ta ga shaho.

Ya ce, Mama, yarinya kaɗai aka ce.

Na ce na ji. Amma gaya min, don Allah, me ya hana ka zama? Yaron kirki ne, bai iya ƙarya ba, ka riƙe shi. Ya ce, Oga ya ce kar in wuce kwalbati da mota, kar in zauna a gidan, in kuma na ga hadari ya haɗo in sungumi yarinyar in bar kayan. Na ce saboda me? Ya nuna Marfi da baki.

To, Tsakuwa. Ashe ka yarda da gilashinka.

Ba don dutse ba, don ni. Haka ka rubuta. Ni ce na hana mota wuce kwalbati? Ni ce ke saukowa in hadari ya haɗo? Da ka ce min Gwaggo zai faɗo, amma ba na son ki a gidana, wallahi da na ce ɗan nan namiji ne. Sai ka tsaya kana min albasa.

Takwara ta ƙi tafiya. Ta kama zanena da hannu biyu tana ihu, sai da kaka, sai da kaka. Direba yana ta duban sama. Na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, na ce tafi can, na gaji da fitsarin kwancenki, dama ubanki nake jira ya kwashe kayansa. Ta saki. Ta kalle ni irin kallon da kake min kana yaro. Har suka kai kwalbati ba ta waiwayo ba. In ta ce maka ni muguwa ce, ka ce mata haka ne, za ta fi saurin sabawa da ku. Ta tafi da butata a hannu, a bar mata.

Falalen da na tsayar da kai, na tsayar. Da za a dawo da ranar, da na ƙara maka. Ba ka sake fasa tulu ba. Ga shi ka fito dutsen niƙa mai kyau, babu inda ya goce, marigayi da ya gan ka da ya yi murna. An kuma gwada ka a kan tsohuwar tsaba. Saura a zubar wa kaji.

Da ƙurar motar ta kwanta, na ce mai ɗinki ba ni sandata. Na warware mata rantsuwa. Na bi gida-gida. Na fara da mai faci, na je wurin magini na ce masa ba maganin kunama ba ne, na je bakin famfo inda ka ce kar a je. Na ce ku zo ku ga abin da ɗana ya manna da abin da ya ce in ya fashe. Suka zo har da masu goyo. Mai faci ya sa hannunsa a tsagar ya shige har wuyan hannu. Suka ce wa ya ce zai zauna? Na faɗa musu. Na faɗi sunanka na yanka, da na ubanka, da inda kake aiki, da hawa na uku. Na ce mai ɗinki ta karanta musu takardunka biyu, ta karanta da ƙarfi wannan karon, ba ta haɗiye komai ba. Direban tifa yana wurin. Maza sun tafi ƙofar kamfaninku da takardun. Ka ce kai za a fara tambaya. To ka shirya amsa, ka gaya musu akuya ce.

Unguwa ta watse. Mai faci ya cire har ƙyaurensa. Jiya wuni aka yi ana ɗaure katifu. Karnuka kaɗai ke yawo suna shinshina inda murhu yake.

Mai ɗinki ta ce in bi su gidan surukanta, za a raɓa ni a wani lungu. Ga ta nan tana sake faɗa, tana kuka a kan takardarka, in ka ga tawada ta baje ba ni ba ce. Na ce mata a'a. Ban raini ɗan mutum har ya yi gemu don in ƙare a tabarmar surukan wasu ana tambaya wannan tsohuwar ta wace ce ba. Ina da ɗa. Ya ce in zauna a gidan mijina, ya sa hannu zai zauna. In na tashi ai na ƙaryata shi.

Na kwance akwati. Na ja shimfiɗata zuwa jikin bango, wurin takwara, tunda nan ne ba ya ɗiga. Da safe na je na gaida gilashin, su huɗu ne yanzu, kowa yana kallon gabansa kamar mu. Ba sai ka canza kwano ba. Likkafani ma kar ka wahalar da kanka, kabarina marfi ne da shi, a rufe yake zuwa.

Yarinyar ba ta son a taɓa mata kunne in ana kitso. In ta yi shiru da yawa, ciki ne ke mata ciwo, ba ta faɗa. A cire tsumman takalmin in ƙafar ta cika shi.

Hadari ya maƙale a kan sanƙon, inuwa ta riga ta shigo tsakar gida. Yaranki suna kan mota, 'yar nan, ina jin mijinki yana ta hon. Rufe ki tafi. A'a, kar ki sa wannan. To, sa, ai duk ɗaya ne.

Akwai wata magana da na so in gaya masa, ta ranar tulun nan, bayan ya yi barci. Bar shi. Na gaji.

Ni mai ɗinki ce, nan maganar Gwaggo ta tsaya. Na tambaye ta ko in sa gaisuwa a ƙarshe, sai ta juya fuskarta bango.

Mai ɗinki.